Harshe Gare Mu, Yare Gare Su?



Yau ƙara na kawo, kuma kanmu nake ƙara. Abin da ya jawo ta kalma ce guda mai harafi huɗu, wadda muke faɗa safe da yamma ba tare da mun auna nauyinta ba. Kalmar ita ce "yare".

Da ranin da ya wuce na je buɗe ajin manya a wani ƙauye da ke bakin Komadugu, tsakanin Diffa da Geskeru. Na zauna gindin itace ina rubuta sunayen ɗalibai. A takardar rajista akwai gurbin da ake sa harshen da mutum ke ji. Wani dattijo manomin tattasai ya matso, muka gaisa.

Na ce, "Baba, wane harshe kake ji?"

Ya ce, "Hausa kaɗan-kaɗan, Malam, ta cin kasuwa."

Na ce, "A gida fa, da me kuke magana?"

Sai ya yi murmushi, ya kau da kai, ya ce, "A'a, wannan ai yare ne. Kada ka ɓata takardarka."

Da na bi diddigi, ashe dattijon nan Kanuri yake yi a gidansa, irin na Mobar. Yana ciniki da makiyaya da Fulatanci. Yana taɓa Larabcin Shuwa. Ga Hausa kuma, wadda ya ce kaɗan ce, alhali da ita muka yi hira har la'asar. Harsuna huɗu a bakin mutum ɗaya, amma shi a ganinsa rabin guda gare shi. Na koma gida ina tambayar kaina: wa ya koya wa tsohon nan raina abin da ya sha a nono? Amsar ba ta yi mini daɗi ba. Turawa sun fara, mu kuma muka karɓa muka ci gaba.

KALMOMIN DA KE TSALLAKO RUWA

Mu nan Diffa ruwa ne kawai ya raba mu da Najeriya. Da rani in Komadugu ta janye, da ƙafa ake haurawa. Ƴan'uwanmu na Damasak da sauran garuruwan ƙetare da Ingilishi suka yi boko, mu kuma da Faransanci. Tun watan Maris na 2025 kuma Ingilishi ya zama ɗaya daga cikin harsunan aiki a Nijar. Saboda haka kalmominsa za su ƙara shigowa ofisoshinmu da littattafanmu. Kafin mu karɓi baƙo, ya kamata mu san abin da ke cikin jakarsa. Bari mu jera kalmomin da Ingilishi ke kiran magana da su, mu duba kowace.

Ta farko ita ce "language". Ingilishi ya aro ta daga tsohon Faransanci, asalinta kuma Latin ne, daga kalmar da ke nufin harshen da ke cikin baki. Akwai kuma "tongue", wadda ita ce tasu ta gado, ma'anarta dai harshen baki. A nan duniya ta yi daidai. Bahaushe ya ce harshe, Balarabe ya ce lisan, Bafulatani ya ce ɗemngal, mai jin Kanuri ya ce tǝlam. Duk tsokar nan ta baki ake nufi, kuma duk ɗan Adam yana da ita. Babu raini a cikin wannan kalma.

Ta biyu ita ce "dialect". Daga Girkanci ta fito, inda take nufin irin yadda mutanen wani yanki ke magana. Girkawan dā suna da irin wannan iri-iri, kuma sun yi rubuce-rubuce masu daraja da fiye da guda. A wajen masana har yau ma'anarta ke nan: reshe ne na harshe guda. Mu a Hausa muna da kyakkyawar fassara, wato karin harshe. Bakano ya ce "biyar", Ba'adare ya ce "biyat". Wannan ya ce "fari", wancan ya ce "hwari". Wannan ya ce "mace ce", wancan ya ce "mace ta". Kananci, Katsinanci, Sakkwatanci, Damagaranci, Gobiranci, Adaranci, duk karin harshe ne na Hausa. Ka lura, har Kananci da aka gina daidaitacciyar Hausa a kansa karin harshe ne. Ba wanda ke magana da harshe tsirara, kowa da karinsa.

To amma a bakin talakan Bature da ma'aikacin mulkin mallaka, kalmar ta sake riga. Ta koma tana nufin maganar da ba ta kai harshe ba, wadda ba a rubutawa, ta mutanen ƙauye. Da wannan ma'ana ta biyu aka shigo mana da ita. Shi ya sa har gobe za ka ji wani ɗan boko namu yana cewa a Turai akwai harsuna, a Afirka kuwa "dialectes". Bai san zagin kansa yake yi ba.

Ta uku ita ce "accent". Wannan lafazi ne kawai, wato yadda sauti ke fita. In mutumin Ngigmi ya yi Hausa ka gane daga Gabas ya fito, lafazinsa ka ji. Lafazi bai taɓa zama jahilci ba. Mu ma in mun yi Faransanci, mutumin Paris daga jimla ta farko yake gane mu.

Ta huɗu ita ce "vernacular", kuma ita ce ta fi ɓoye dafi. Tushenta wata kalmar Latin ce, "verna", wadda ke nufin bawan da aka haifa a gidan ubangijinsa, abin da Bahaushe ke kira bacucane. Daga nan ta koma tana nufin abin gida, maganar gida. A Turai, zamanin da malaman coci ke rubutu da Latin, Ingilishi da Faransanci su kansu da wannan suna ake kiran su. Da suka sami mulki sai suka tuɓe rigar suka rataya wa waɗanda suka mallaka. Duk wanda ya yi makaranta a ƙetaren ruwa zai ba ka labarin monita mai rubuta sunayen waɗanda suka yi "vernacular" a aji, a ci su tara ko a yi musu bulala. Mu kuma a lakwal ɗinmu sambol muka sani, abin nan da ake rataya wa yaro a wuya in ya yi maganar gidansu, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani. Ni ma na rataya shi, kuma na yi farautar abokina don in sauke. Ban manta ba.

Ta biyar ita ce "patois", wadda Ingilishi ya aro daga Faransanci. Faransawa da kansu suka fara gwada ta a kan ƴan ƙasarsu. A 1794 wani limamin coci ɗan majalisa mai suna Grégoire ya kai wa majalisar juyin juya hali rahoto yana neman a kawar da maganganun yankuna, kowa ya koma Faransanci. Mutanen Biritaniyar Faransa da na kudancin ƙasar sun sha sambol kamar yadda muka sha. Wanda ya yi wa ɗan ɗakinsa haka, me kake zato zai yi wa bare?

Ta shida ita ce "lingua franca". Asalinta sunan wata gaurayayyar magana ce da matuƙa jiragen ruwa da ƴan kasuwa ke yi a tashoshin Bahar Rum. Yanzu tana nufin harshen da mutane masu harsuna dabam-dabam ke haɗuwa a kansa. Wannan ita ce Hausa a kasuwar Diffa: Batube da Bafulatani da ɗan Buduma da Ibo mai kanti duk a kanta suke daidaita ciniki. Kalmar aiki take faɗa, ba ta faɗar daraja. Jirgin fito yana da amfani ƙwarai, amma ba a kwana a cikinsa.

Ta bakwai ita ce "mother tongue", wadda muka fassara harshen uwa. Tana da daɗin ji, sai dai a nan kwarin Komadugu takan ruɗe mu. Yaron da ubansa Kanuri ne, uwarsa Bafulatana, ya tashi yana wasa da Hausa a unguwa, wanne za ka rubuta masa? Gara malami ya yi tambaya a fili: da wane harshe kake lissafi a zuciyarka, da wanne kake faɗa in ranka ya ɓaci?

Ka ga ke nan kalmomin nan kashi biyu ne. Wasu suna bayyana abu yadda yake. Wasu kuwa tsani ne, aikinsu su ɗora wani bisa, su ajiye wani ƙasa.

MA'AUNIN MASANA

A wajen horon malanta an koya mana ma'auni mai sauƙi. In mutum biyu suka yi magana suka fahimci juna ba tare da ɗayansu ya koyi ta ɗan'uwansa ba, to harshensu ɗaya, karin ne ya bambanta. In ba su fahimci juna ba, harsuna biyu ne.

Mu ɗora mutanen jiharmu a kan wannan ma'auni. Manga na wajen Maine-Sorowa, da Mobar na bakin Komadugu, da Yerwa na Maiduguri, karin harshe ne na Kanuri. Amma Kanuri da Hausa ko dangi ba su haɗa ba. Tun rabe-raben da masani Joseph Greenberg ya fitar a 1963, an sa Kanuri da Kanembu da Tubanci, wato Dazaga da Tedaga, a gida ɗaya, gidan harsunan Sahara. Fulatanci gidansa dabam. Hausa kuwa tana cikin harsunan Cadi, kuma ka san wa ke zaune tare da ita a wannan gida? Budumanci, harshen masuntan tsibiran tafkin Cadi. Wanda muka fi rainawa shi ne ɗan'uwanmu na jini.

Gaskiya ne ma'aunin yakan karkace, amma duba inda yake karkacewa. Mutanen Norwe da Suwidin da Danmak suna fahimtar juna gwargwado, duk da haka ana ce musu harsuna uku, don kowa da tutarsa. A ƙasar Sin mai maganar Bejin ba ya jin mai maganar Kanton, amma an daɗe ana kiran su karin harshe guda, don gwamnatinsu ɗaya. Wani masani mai suna Max Weinreich ya yaɗa wata magana a 1945, wadda taƙaicenta shi ne: karin harshen da ya sami soja da jiragen yaƙi shi ake yi wa laƙabin harshe. Wato sau da yawa ƙarfi ke raɗa sunan, ba ilimi ba.

WANDA AKE KIRA YARE

Yanzu mu duba abin da dattijon nan ya ce kada in ɓata takarda da shi.

A bakin wannan ruwa namu, can yamma cikin jihar Yobe ta yanzu, Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu wajen 1472. Birnin ya zauna hedikwatar daular Borno fiye da shekara 300, har ya faɗi a 1808. Malaman Borno sun rubuta Alƙur'anai, suna sa bayani da tsohon Kanembu a tsakanin layuka. Wani masani ɗan Ingila, Bivar, ya ga irinsu a ƙarshen shekarun 1950, ɗaya yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669. Harshen tafsirin nan da ake kira Tarjumo ya wanzu a bakin malaman Borno har zamaninmu. A 1854 Sigismund Koelle ya buga nahawun Kanuri, wanda ya tattara a Firitawun daga bakin wani ɗan Borno da aka ƴanto daga jirgin bayi, Ali Eisami. Johannes Lukas ya yi littafi a kan Kanuri a 1937, ya yi wani a kan Budumanci a 1939. A taron Bamako na 1966, inda UNESCO ta tara masana don daidaita baƙaƙen harsunan Afirka ta Yamma, Kanuri na cikin harsuna shida da aka zauna a kansu, kafaɗa da kafaɗa da Hausa. A watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙa'idojin rubuta harsuna biyar, Kanuri na ciki.

Ga kuma abin da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai. Greenberg ɗin nan, a wata maƙala ta 1960, ya kawo hujjojin cewa kalmomi irin su "karatu" da "rubutu" da "kasuwa" ta hannun Kanuri suka shigo Hausa, ko da yake asalin wasunsu Larabci ne. Sarautun Galadima da Ciroma da Yarima kuwa kowa ya san daga Borno muka samo su. Har yau almajiri in zai tafi neman Alƙur'ani, Gabas yake cewa za shi. To mu malaman karatu da rubutu, da wane ido za mu dubi mutanen da muka aro sunan sana'armu daga gare su, mu ce musu ƴan yare?

LAIFI TUDU NE

Zagin Bature yana da sauƙi, tunda ba ya nan. Mu juyo kan namu. Ka saurari yadda muke amfani da kalmar. In mutum biyu suka bar Hausa suka shiga harshensu, sai mu ce sun juya yare. In aka ce wane ɗan yare ne, kowa ya san ba Bahaushe ake nufi ba. Wanda Hausarsa ba ta nuna ba mu ce masa baubawa. Magana in ta cakuɗe mu ce gwaranci ce, mun ɗauki sunan al'umma sukutum, Gwarawa, mun mai da shi sunan rashin iya magana. Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. Girkawa sun kira duk wanda ba ya jin harshensu da sunan da ke kwaikwayon surutu marar ma'ana. Larabawa sun kira waɗanda ba Larabawa ba Ajam, kuma daga nan ne rubutunmu na ajami ya sami sunansa. Amma yawan masu laifi ba ya wanke laifi.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne matsayin Hausa ya sake. Dokar 31 ga Disamba 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda 10: Larabci, Budumanci, Fulatanci, Gurmanci, Hausa, Kanuri, Zabarmanci da Sonrai a haɗe, Tamajak, Tasawak da Tubanci. Tsarin mulkin 2010 ya ce dukansu daidai suke, Faransanci kuma shi ne harshen hukuma. Kundin sake fasalin ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya zo da sabon tsari: Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, sauran kuma an ambace su a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar.

Ni Bahaushe ne, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganin harshen Afirka ya hau kujerar da aka daɗe ana hana shi. Amma ku duba da kyau: kundin harsuna ya kira su, bai ce yaruka ba. Tsorona shi ne abin da zai faru tsakanin takardar Yamai da bakin ƙaramin ma'aikaci a Bosso ko Kablewa. In shi ya fassara ta a ransa cewa Hausa ce harshe, saura yare ne, to mun cire sambol daga wuyanmu mun rataya wa maƙwabci.

MASU JA DA NI

Na faɗi wannan magana a taron malamai, kuma na sha martani. Bari in kawo su, in amsa.

Wani ya ce, "Malam, kalma ce fa kawai. Mutane na fama da abinci kana faɗa a kan harafi huɗu." Na ce masa suna linzami ne. Abin da aka kira yare ba a buga masa littafi, ba a horar masa da malami, ba a ware masa kuɗi. Mai shi ma ba zai nema ba, kamar yadda dattijona bai nema ba. Daga suna ake fara hana mutum rabonsa.

Wani ya ce, "Ai yare da harshe duk ɗaya ne, har yaren Hausa ana cewa." Na yarda ana faɗa, kuma na yarda da yawa ba su nufin raini. To in ɗaya ne, me ya sa ba a taɓa rubuta "Ranar Yaren Uwa" a jikin allon taro in gwamna zai zo? Me ya sa a makaranta ake cewa nazarin harshen Hausa? Mun san bambancin sarai, muna zaɓar mai kyau in abin ya zo kanmu. Tunda muna da kalmar da ba ta ɓata wa kowa rai, me zai hana mu yi wa kowa da ita?

Wani ya ce, "Haɗin kan ƙasa yana son harshe guda." Na ce Hausa ta game Diffa ba da doka ba, ba da bulala ba. Kasuwa da auratayya da maƙwabtaka suka kai ta. Abin da zai sa a ƙi ta shi ne a mai da ita sandar duka. Pakistan ta gwada tilasta Urdu a kan masu jin Bangali, aka harbe ɗalibai a Dhaka ranar 21 ga Fabrairu 1952, zuwa 1971 ƙasar ta rabu biyu. Ranar ce UNESCO ta ware a 1999 don tunawa da harshen uwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa mutanen Diffa mun ga ƙadangaru iri-iri, ba mu da bukatar sabuwar tsaga.

Wani kuma ya ce, "Ɗalibai da kansu Hausa ko Faransanci suke so, don su ne ke ci da mutum." Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, ba kuwa zan raina ta ba. Haƙƙinsu ne su koya, kuma muna koya musu. Amma duk malamin da ya riƙe alli ya san babba ba ya iya ɗaukar kaya biyu a tashi ɗaya, wato sabon harshe da sabon baƙi. In ka fara masa da abin da yake ji, baƙaƙe kawai zai yi fama da su, in ya kama su sai ya haura da su zuwa Hausa cikin sauƙi. UNESCO ta faɗi haka tun rahotonta na 1953, ko da yake abin dariya, kalmar "vernacular" ce a kan bangon rahoton. Nijar ma ta gwada tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram. Hujjar da muka kafa wa Hausa a gaban Faransanci ita ce dai hujjar Kanuri a gaban Hausa. Ba ta tsufa don ta juyo kanmu.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Kada a ɗauka wannan gardamar ƴan boko ce. Tun harin da aka kai Bosso da Diffa a watan Fabrairu na 2015, da kwashe mutanen tsibirai a watan Mayu na shekarar, jiharmu ta cika da waɗanda suka baro gidajensu. A cikinsu akwai mata da tsofaffi masu jin Budumanci ko Kanuri kaɗai. Na ga mace a layin likita ana yi mata bayanin maganin ɗanta da Hausa, tana gyaɗa kai don kunya, ta fito waje tana tambayar mutane sau nawa aka ce ta ba shi. Na ga an tara jama'a ana gargaɗi a kan abubuwan fashewa da ake binnewa a hanya, rabin taron ba su ji ko kalma ba. Wanda ya shirya taron ya rubuta a rahotonsa cewa an yi da harshen gida. Gidan wa? Tun da aka sa kowa a buhu ɗaya aka rubuta "yare" a bayansa, ba wanda ya tsaya ya tambaya.

ABIN DA NAKE ROƘO

Ba kuɗi nake nema ba, gyaran baki ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na ɗaya, a takardunmu da darussanmu da wannan mujalla, mu rubuta "harshe" ga Kanuri da Fulatanci da Tubanci da Budumanci da Larabcin Shuwa, kamar yadda muke yi wa Hausa.

Na biyu, mu ajiye "karin harshe" ga rassan harshe guda: Manga da Mobar a Kanuri, Damagaranci da Katsinanci a Hausa.

Na uku, masu fassara daga Ingilishi da Faransanci su daina zuba "dialect" da "vernacular" da "patois" cikin kwano ɗaya suna kiran su yare. A duba abin da marubucin ke nufi. In reshe yake nufi, a ce karin harshe. In harshe sukutum yake nufi, a kira shi da sunansa.

Na huɗu, a takardar rajista a bar gurbi fiye da ɗaya, a tambayi ɗalibi dukan harsunan da yake ji, a fara da na gidansa.

Na biyar, kowane malami Bahaushe da aka turo wannan jiha ya koyi ko da gaisuwa da ƙirga da harshen garin da yake aiki. Shekara da shekaru suna koyon namu, ba mu taɓa jin nauyi ba.

Dattijon nan kuwa ban bi shawararsa ba. Na rubuta Kanuri a gurbin, na bi da sauran ukun a gefe, na juya takardar na nuna masa. Ranar da muka zo kan harafin ǝ, na gaya wa aji cewa wannan baƙi babu shi a Hausa, babu shi a Faransanci, don harshensu aka tanade shi. Ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce in sake rubuta masa a kayensa, yana so ya nuna wa jikokinsa. Kafin mu rufe aji ya fara rubuta adadin buhunan tattasansa da sunan wanda ya karɓa bashi.

Ƴan'uwa, wanda ke da ja a kan wannan magana ya rubuto, filin nan na kowa ne. Amma kafin ya ɗauki alƙalami, ya tuna ranar da aka rataya masa sambol, ya tuna yadda ya ji.

Allah ya sa mu gane, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Wassalam.